Horon bincike a ɗakunan gwaje-gwajen gwamnati: wace ƙofa ce za ta buɗe maka?

Kafin ɗalibin kimiyya ko kwamfuta ya zauna rubuta takardar neman gurbi, abu na farko da zai duba shi ne sharaɗin ƙasa. Da yawa sukan ɓata makonni suna gyara rubutu, sai a ƙarshe su gane fasfonsu ma bai ba su damar nema ba.

Shirin da ya fi jan hankali shi ne SULI na Ma'aikatar Makamashi ta Amurka. Makonni 10 ne a lokacin hutun tsakiyar shekara, da alawus na dala 650 a mako, a ɗakunan gwaje-gwajen gwamnatin Amurka irin su Argonne da Oak Ridge. A Oak Ridge ɗin ne babbar kwamfutar Frontier take, wadda a 2022 ta zama ta farko da aka tabbatar tana yin lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa ɗaya. Ana son maki 3.0 cikin 4.0, kuma na tsakiyar shekara ana rufe karɓar takardunsa a watan Janairu. Amma sai ɗan Amurka ko mai takardar zama ta dindindin. Haka shirin SURF na NIST, hukumar ma'auni da fasaha ta Amurka, yake. NASA ma, a babban shirinta, 'yan ƙasa take ɗauka. In kana da ƙani ko ɗa da ke karatu can da takardun zama, tura masa. In kana Kano ko Damagaram, kada ka wahalar da kanka.

Inda ya dace ka zuba ƙarfinka shi ne CERN, cibiyar da gwamnatocin Turai suka kafa a 1954 kusa da Jeniba, a kan iyakar Suwizalan da Faransa. Shirinta na ɗalibai yana karɓar 'yan kowace ƙasa, makonni 8 zuwa 13, ga wanda ya kammala shekara uku a jami'a a fannin fiziks, lissafi, injiniyanci ko kwamfuta. Suna ba da kuɗin kashewa na kullum, ana sauraron lacca, ana kuma yin aiki a ƙarƙashin mai bincike guda. Ɗan kwamfuta kada ya ce ai wurin 'yan fiziks ne: a nan aka ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo a 1989, kuma tarin bayanan da injinansu ke fitarwa yana buƙatar mai iya harsunan kwamfuta irin su Python da C++. Gasar tana da zafi, musamman ga ƙasashen da ba mambobi ba. Cibiyar binciken fiziks ta DESY da ke birnin Hambog a Jamus tana da irin wannan shiri, ita ma ba ta tambayar ƙasarka, don haka ka nemi duka biyun lokaci guda.

Wani abin da ake mantawa: waɗannan shirye-shiryen suna faɗowa tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da jami'o'inmu da dama ke tsakiyar zangon karatu. Ka yi magana da shugaban sashenku tun kafin ka nema, ka kuma bar wa biza isasshen lokaci.

A gida Najeriya kuwa, kada a raina SIWES, shirin da ake tura ɗalibai wuraren aiki don su koyi aiki a aikace. Wanda ya yi watanni shidansa a hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA a Abuja, ko cibiyar kimiyya da fasaha ta SHESTCO da ke Sheda, ko cibiyar binciken makamashi ta CERT a Jami'ar Ahmadu Bello, inda injin nukiliya na bincike yake aiki tun 2004, ya samu abin da zai nuna. Kuɗi ba yawa, kuma wani ofishin zama kawai za ka yi ta yi, shi ya sa nake ganin sunan wuri bai kai mutumin da zai riƙe ka muhimmanci ba. Ka je da ƙafarka ka tambayi wane aiki ake yi, wa zai duba ka, wace na'ura za ka taɓa.

Ni da zan zaɓa wa ɗalibin aji uku, sai in ce ya yi SIWES a wurin da zai fito da ƙaramin aiki nasa na kansa, sannan ya roƙi wanda ya duba shi ya rubuta masa wasiƙar shaida tun Nuwamba, kafin CERN ta rufe karɓar takardu a ƙarshen Janairu.