Kunu ko garin gwangwani, ga wanda ruwa ke sarƙewa

Ƴar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Kin tambaya me za ki ba shi tunda ruwa na sarƙe shi. Tsakanin garin kaurara ruwa na gwangwani da ake sayarwa a farmasi da kunu, ni kunu zan ce miki, tatacce.

Tsohuwarmu a Tawa, bayan hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki, tuwo mai laushi yana wucewa, amma kurɓin ruwa ɗaya sai tari har idanu su yi ja. Likita ya ce ruwa gudu gare shi, yana isa maƙogwaro kafin hanyar numfashi ta rufe, abu mai kauri kuwa a hankali yake sauka. Sai ƙanwata ta koma dama mata kunun gero, ta tace, kaurin da in an karkata cokali zai zubo sannu-sannu. Da cokalin shayi ake ba ta, mililita 5 ke nan, ludayi ya yi yawa. Ta haɗiye, a dakata, a ƙara. Ranar da ta shanye rabin kofi ba tari, dariya ta yi, wai mun maida ta jaririya.

Kada dai kaurin ya wuce kima, don yana maƙalewa a maƙogwaro, daga baya ya zarce huhu. Kunu in ya huce ƙara kauri yake, yawu kuma yana tsinka shi, shi ya sa muke ɗibar kaɗan a wani kwano, cokalin bakinta bai komawa cikin babban. Fura mai gudaji ki ajiye ta tukuna, ruwa da gaya a baki ɗaya suna saurin sarƙe mutum.

Gwangwanin kuwa sau ɗaya na saya, da tsada, ta kurɓa ta kau da kai. Amfaninsa dai yana kaurara ruwan sha, wanda da zafin garin nan ba a wasa da shi, kuma wanda aka yi da sinadarin kauri mai suna xanthane yawu bai tsinka shi. In za ki saya, ki shiga farmasi ta gaske. Masu yawo da magani a faranti sai su ba ki sitaci a gwangwani ba rubutu, su rantse daga Faransa ya zo.

Ki sa likita ya duba haɗiyar Baba ya faɗa muku kaurin da ya dace da shi. A zaunar da shi miƙe, kada ya kwanta sai bayan minti 30. Muryarsa in ta yi kamar mai kurkurar ruwa, ko zazzaɓi ya biyo, ku koma wurin likita ranar.