Ƙaramar gasa ko Ironman? Ga yadda tawa ta kaya

Tun da na dawo mutanenmu na keke na Jos da na Abuja ke ta tambayata wai ya ƙaramar gasar triathlon (iyo, keke da gudu a jere) da na je, kuma in za a sake zan koma can ɗin ko gara mutum ya daure ya biya na Ironman, babban kamfanin da ke shirya irin waɗannan gasa, ya huta. To ga amsa a wuri ɗaya. Sunan gasar da na masu shirya ta dai ba zan kama ba, don akwai yabo akwai kuma ƙorafi, kuma ƙorafin ba kaɗan ba ne. Wani ƙaramin garin manoma ne a Afirka ta Kudu, a bakin dam, kuma rabin doguwar ce, wato iyo kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1, daidai da wadda Ironman ke kira 70.3.

Kuɗi ne ya kai ni, ba wani abu ba. Kowa ya san abin da ya samu naira tun 2023, dalar da muke lissafawa a wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, ga biza ga tikitin jirgi ga kuɗin jakar keke ga masauki. Na duba ta Ironman da ke Durban, na duba tasu ta Rubavu a Ruwanda da aka fara a 2022 a tafkin Kivu, na yi lissafi na sake lissafi, sai wani ya turo min wannan ƙaramar da rajistarta ko rabin waɗancan bai kai ba. Alhajin nan namu na Abuja da ya gama cikakkiyar Ironman ta Nelson Mandela Bay ya ce min "ƙanena araha fa ba ta ado", na ce Alhaji ku ne masu kuɗi, mu dai a bar mu mu gwada.

Ranar Asabar da yamma na buɗe jakar keke a masauki, gasa kuma washegari da asuba, kawai na ga abin canja giya na baya yana reto a jikin sarƙa. Hanga ta karye gida biyu a jirgi. Wanda bai sani ba, wani ɗan ƙarfe ne da bai fi yatsa ba da ke riƙe abin canja giyar a jikin firam, kuma masifar ita ce kowane keke da irin tasa, ni tawa ko a Jos na nema don ajiya ban samu ba. Shagon keke guda ne a garin kuma sun rufe tun rana. Wallahi zama na yi a ƙasa ina kallon keken, ina tuna sanyin asubar da na sha daga Bukuru zuwa Mararaban Jama'a har Heipang, da yadda Maman yara ta haƙura da kuɗin da aka ce na gyaran rufin ɗaki ne. Sai na tura saƙo ta WhatsApp zuwa lambar da ke jikin takardar rajista, ni a tunanina wata sakatariya ce za ta ba ni haƙuri ranar Litinin.

Ashe lambar mai gasar ce da kansa. Ba a yi rabin awa ba sai ga wani dattijon Bature a a-kori-kura, karnuka biyu a baya, takalminsa duk taɓo don daga bakin dam yake inda suke kafa alamomin ruwa. Ya ɗaga karyayyen ƙarfen ya duba a hasken fitilar mota, ya ce sa keken a baya mu tafi. Garejin wani abokinsa mai gyaran taraktoci ya kai ni. Suka zazzage wani gwangwani cike da tsofaffin kayan keke, suka samu wata hanga ta wani keke daban da ta ɗan yi kama, mutumin ya matse ta a bais ya kama gurzawa da magagari, ya gurza ya gwada, ya cire ya sake gurzawa, ya huda sabon ramin noti, dattijon na riƙe masa tocila wayarsa kuma sai ƙara take yana amsa masu tambayar lamba da wurin ajiye mota. Mutumin da gobe ɗaruruwan mutane ke wuyansa fa, ya tsaya kan keken baƙo ɗaya daga Najeriya har wajen goman dare. Matar mai garejin ta kawo shayi da busasshen biredin nan nasu da suke tsomawa a ciki. Da aka gama giya duk suna shiga sai babba na ƙarshe, ya ce kar ka kuskura ka kai can, sarƙa za ta faɗa cikin sifok. Na zaro kuɗi, mai garejin ya ture hannuna yana dariya.

A hanyar komawa ne dattijon ya tambaye ni me nake ci me ba na ci, don bayan gasa suna gashin nama. Na ce ban da alade, kuma sai yankan Musulmi. Washegari sai da aka ware min wani murhu daban da naman rago daga wani mahauci Musulmi da ke garin, da asuba kuma ya buɗe min tantin masu ɗaukar lokaci na yi sallah. A daren nan da an miƙo min fom taurari goma zan ba su, har saƙon murya na tura wa Alhaji ina masa tsiya.

Iyo ba wani labari, ruwan dam ne mai sanyi, an sa rigar roba, mutane kaɗan ne babu mai hawa kanka ko ya doke ka da ƙafa.

A keke ne na fara gane abin da Alhaji ke nufi. Ba a rufe hanya ba. Sun faɗa a takarda, eh, amma karantawa daban, ka ji tirela ɗauke da shanu ta wuce ka iskarta na neman jefa ka cikin ciyawa daban, kamar kana gangaren Hawan Kibo. Kuma su a hagu suke tuƙi, mu kuwa tun 1972 Najeriya ta koma dama, to ga gajiya ga ƙwaƙwalwa na ta ja ka ɗaya hannun a duk kwana. Wannan ma zan iya haƙura. Abin da ya ƙona min rai shi ne mararrabar da ya kamata mu juya, yaron da aka ajiye da tuta yana zaune a inuwa yana danna waya, allon kibiya kuma iska ta kwantar da shi, na wuce abina sai da na ga babu kowa gaba babu kowa baya sannan na juyo. Agogona kilomita 96 ya nuna maimakon 90. Ba ni kaɗai ba ne, wata mata ma na haɗu da ita tana dawowa tana ta faɗa da yarensu. Ga dokar nan ta barin tazara tsakaninka da na gaba, wadda a Ironman mita 12 ce kuma alƙalai na bin mutane a babur da kati, a nan ko alƙali ɗaya ban gani ba, wasu samari suka wuce ni a jere taya na shinshinar taya ba mai ce musu kanzil. Abin da ya cece ni a hawan tudun hanyar Jos ce, wanda ya saba numfashi a tsayin mita 1,200 da wani abu tudunsu ba ya ba shi tsoro, kuma hangar mai tarakta ko gezau ba ta yi ba, wannan kam dole in faɗa.

Sai gudu, zagaye biyu, rana ta take. A zagaye na biyu na iso teburin ruwa na can nesa na tarar da yara biyu da jarkoki wayam, ruwa ya ƙare, sai ɗan lemo mai zafi a ƙasan kwalba. Masu sauri sun sha sun watsa a kai sun wuce, mu na baya da muka fi daɗewa a rana mu ne muka tarar da babu. Wata tsohuwa ce ta jawo tiyo daga gidanta tana cika mana kofuna, Allah ya saka mata, amma dan Allah wannan aikin tsohuwar unguwa ne? Na biya kuɗi fa. Motar asibiti guda ɗaya na gani duk ranar, tana wurin gamawa, na wuce wani bawan Allah zaune a gefen hanya jijiya ta ɗaure masa ƙafa babu kowa a kansa sai mu masu wucewa muna tambayarsa lafiya. A nan taurarin nan goma suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Ba wai ƙanƙanta ce laifin ba. Ita kanta Ironman da mutum 15 ta fara a 1978 a tsibirin Oahu na Hawai, 12 suka gama, kafin ta zama kamfanin da Wanda na ƙasar Sin ya saya dala miliyan 650 a 2015, Advance na Amurka kuma ya karɓa a 2020. Ta garin Roth a Jamus ma da sunan Ironman ake yin ta har 2001, suka raba gari ta koma Challenge daga 2002, kuma har yau mutane rububin rajistarta suke. Ga Norseman ta ƙasar Norway da ake tsalle daga jirgin ruwa da duhun asuba, mutane kaɗan take ɗauka amma sai an yi ƙuri'a ake samun shiga. Wato akwai marasa tambarin Ironman da suka san aikinsu sarai. Matsalar ita ce daga Jos ba ka da yadda za ka tantance wacce ce wacce, hotuna duk masu kyau ne, alhali mai tambari ka san abin da kake saya tun kafin ka tashi: Alhaji ya ce nasu hanya a rufe, kanikawa na yawo a babur, tebur bayan tebur har da ƙanƙara, ga jan kafet da mai sanarwa na kiran sunanka. Kuma duk mai mafarkin Kona, wato gasar duniya ta Ironman a Hawai, ƙaramar gasa ko ta ɗaya ka zo ba za ta ba ka gurbi ba.

Da na iso ƙarshe dattijon ne da kansa ya rataya min medal, ta katako ce, ya rungume ni yana tambayar ya hanga. Na so in yi masa maganar ruwa da yaron mararraba, na buɗe baki na kasa, ya za ka yi wa mutumin da ya riƙe maka tocila jiya masifa? Sai na ci naman ragona na yi shiru, ga shi yanzu ina amayar da shi a nan.

Don haka in rabi ce, kuma aljihu ya yi ƙasa, zan iya komawa, amma da gorar ruwana a ƙugu da taswirar hanya a agogo. Cikakkiyar kuwa, iyo 3.8, keke 180, gudu 42.2, da mutum zai iya kaiwa awa 17 a hanya har dare ya same shi, a'a wallahi, ba zan yi ta da tirela a gefena da jarka wayam a gabana ba, gara in shekara ina tari in biya masu tambarin. Alhaji na san kana karantawa, kar ka kira ni.

Af, da sakamako ya fito sun sa ni a rukunin shekarun da ba nawa ba, ƙasata kuma suka rubuta Nijar. Na tura saƙo ta wannan lambar dai da aka amsa min cikin rabin awa ranar Asabar, an ce za a gyara, har yanzu da nake rubutun nan ɗan Nijar ne ni a shafinsu.