Sharhi: Haɗa reshen hidima da uwarsa a ServiceNow

Bayan amfani da CSDM, wato tsarin jera bayanan hidimomi na manhajar ServiceNow, wajen tafiyar da hidimomin kwamfuta a wata ma'aikata da ke nan Sakkwato, hukuncinmu shi ne tsarin yana da kyau, sai dai nauyinsa duka ya rataya a kan gurbi ɗaya da mutane ke rainawa, wato gurbin Parent (uwa) a teburin service_offering, inda ake ajiye rassan hidima.

A wannan tsari akwai uwar hidima, akwai kuma rassanta. Uwa ita ce sunan da kowa ya sani, misali "Intanet na ma'aikata". Rassa su ne yadda ake raba ta ga masu amfani: na hedikwata a cikin gari, na ofishin Tambuwal, na ofishin Illela. Kowane reshe yana ɗauke da nasa alkawarin lokacin gyara, nasa rukunin masu gyara, da jerin waɗanda suka yi rajista da shi. ITIL 4, kundin jagorancin tafiyar da hidimomin kwamfuta wanda ya fito a 2019, shi ma ya yi bayanin tayin hidima, wato reshe, a matsayin abin da aka tsara domin wani rukunin masu amfani. Amfanin wannan a fili yake. Ana iya yi wa hedikwata alkawarin gyara cikin awa 4, amma ba mai hankalin da zai ɗaukar wa Illela wannan alkawari, tunda sai ma'aikaci ya kama hanya har bakin iyakar Nijar.

Reshe uwa ɗaya yake da ita. Wannan ƙa'ida ta burge mu, domin ita ke sa rahoto ya fita tsaf: a tara ƙorafe-ƙorafen rassa, a ga lafiyar uwar.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ɗaukar wannan haɗi a matsayin dangantaka irin wadda ake ajiyewa a teburin dangantaka, wato cmdb_rel_ci. Ba ita ba ce. Haɗin reshe da uwa gurbi ne a jikin reshen kansa, yana nuni zuwa ga uwar. Mutum zai iya zana layi tsakaninsu a taswira, ya ga ya yi kyau, alhali Parent yana nan fayau. Sakamakon yana bayyana ne a fom ɗin shigar da matsala: idan an saita gurbin reshe ya tace bisa ga hidimar da aka zaɓa, reshen da ba shi da uwa ba zai fito a jeri ba. Mai karɓar kira sai ya bar wurin babu komai, tikitin ya tafi ba tare da alkawarin lokacinsa ba. Teburin dangantaka yana da nasa aikin a ƙasa da reshe: reshen hidimar kasuwanci yana haɗuwa da hidimar manhaja ta "Depends on::Used by", na fasaha kuma ta "Contains::Contained by".

Matsala ta biyu daga loda bayanai take. Yawancin ma'aikatu jerin hidimominsu a Excel yake, kuma a nan ake samun "Imel", "I-mel" da "Imel na ma'aikata" duk suna nufin abu guda. Idan taswirar loda bayanai, wato saitin da ke kai kowane shafi na Excel zuwa gurbinsa, tana neman uwa da suna, kuma an bar zaɓinta a kan create (ƙirƙira), duk sunan da bai dace ba sai ta haifar masa sabuwar uwa. Kafin a ankara an tara iyayen bogi. Maganin bai da wuya: a fara loda iyaye, a tabbatar babu suna biyu iri ɗaya, a mayar da zaɓin zuwa reject (ƙin karɓa), sannan a loda rassa. Bayan haka a buɗe jerin service_offering, a tace waɗanda Parent ɗinsu babu komai. Ya kamata adadin ya zama 0.

A kuma duba jinsi. Reshen fasaha, kamar kula da sabar Windows, ƙarƙashin uwar fasaha zai zauna, reshen kasuwanci ƙarƙashin uwar kasuwanci. Idan aka gauraya, shugaban sashen kuɗi zai riƙa ganin rahoton faifan ajiya da bai shafe shi ba.

Sai zarin rassa, wanda laifinmu ne mu masu saitawa. Da zarar an gane daɗin tsarin, sai a so yi wa kowane ɗaki reshe. Ma'aunin da muka ga yana aiki shi ne: idan alkawarin lokaci, masu gyara da masu amfani duk ɗaya ne, to reshe ɗaya ne. A nan Sakkwato ma akwai dalilin rabawa na gaske. Ofishin da ke da sola da batura ba daidai yake da wanda ke jiran wuta da janareta ba, musamman a zafin Afrilu lokacin da ɗakin saba ke neman sanyi dare da rana. Wannan bambanci ya cancanci reshe daban, launin fentin ofis bai cancanta ba.

Ga ƙaramar ma'aikata mai hidimomi kaɗan, aikin saitin zai iya yi mata yawa. Mai ofisoshi a ƙananan hukumomi kuwa za ta mori wahalarta, muddin an naɗa mutum ɗaya da zai riƙa duba rassa marasa uwa duk wata, da kuma duk ranar da za a yi wa wata uwa ritaya, domin kada a bar rassanta suna aiki a ƙarƙashin hidimar da aka riga aka rufe.