Kwandon shara mai makulli: wata uku ina amfani da shi a bayi saboda karena

Ni fa ba dan kwalliya na sayi kwandon nan ba, karena ne ya sa. Duk sanda nake al'ada sai ya canza min gaba ɗaya, ya dinga bina ɗaki ɗaki yana sunsuna ni, in na zauna ya zo ya ɗora kai a cinyata ya ƙi tashi. Wannan bai taɓa damuna ba. Abin da ya ɗaga min hankali shi ne ranar da na dawo na tarar ya kifar da tsohon kwandon bayina mara murfi, ya jawo audugar mata da na naɗe a leda ya yagalgala ta a tsakar ɗaki, na tattara na ga rabi babu, ashe cikinsa ta tafi.

Da gudu muka je wurin likitan dabbobi, nan na san abin ba wasa ba ne, domin audugar an yi ta ne dan ta tsotse ruwa, to in ta shiga ciki kumbura take yi, tana iya toshe hanji har sai an yi tiyata. Aka ce in sa ido ko zai fara amai ko ya ƙi cin abinci ko kashi ya tsaya. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba wallahi, sai da ya kasayar da ita hankalina ya kwanta.

Kuma dan Allah a daina bugun karnuka akan wannan, ba iskanci ba ne. Hancin kare yana da ƙwayoyin jin ƙamshi har kusan miliyan 300, namu kamar miliyan 6 ne kawai, ga wata gaɓa ta daban a saman rufin bakinsa da ake kira Jacobson wadda ke ɗauko sinadaran jiki. Jini, gumin hammata da na matsematsi, canjin da jiki ke yi lokacin haila, duk yana jinsu tun daga ƙofa. Ledar da kika naɗe ba ta ɓoye masa komai.

To kwandon. Na ƙarfe ne, takawa ake yi da ƙafa murfin ya ɗago, a gaba akwai ɗan makulli da ake turawa da yatsa, ciki kuma bokitin roba ne da ake cirowa a wanke. Satin farko ya gwada shi da hanci, ya gwada da ƙafa, har na kama shi yana taka wurin takawar kamar yadda ya ga ina yi, murfin ko motsi bai yi ba. Daga nan ya haƙura. A nan dai kwandon ya biya ni.

Amma bashi da nauyi sam, turawa ɗaya yake faɗuwa, murfin ba ya buɗewa amma ƙarar ƙarfen da tsakar dare sai ta tashe ki, sai da na cusa shi a lungu tsakanin bango da masai. Makullin kuma ba ya rufe kansa, ke za ki tura, rana ɗaya na manta na tarar da tishu a warwatse. Wari ma ba ya riƙe shi duka, kullum nake zubarwa in ina al'ada.

Ba audugar mata kaɗai ba, da wuƙa ta yanke ni a yatsa haka ya dinga zagaye kwandon saboda bandejin da na jefa, yana kuma neman lasar ciwon. Ban bari ba, duk da ana cewa wai miyan kare magani ne. Bakinsa akwai ƙwayoyin cuta irin su Pasteurella da Capnocytophaga, suna iya sa ciwo ya rure ko su shiga jini, musamman ga mai raunin garkuwar jiki ko wanda aka cire wa saifa. Na wanke da sabulu da ruwa na rufe da filasta.

In karenki ƙarami ne ko matsakaici ki saya, zai yi miki. In ƙato ne ki nemi mai nauyi ko wanda ake kafawa a bango.