Minirin da fitsarin kwance: yana aiki, amma a kula da ruwan dare

Ƙwayar Minirin, wato desmopressin, kwaikwayon vasopressin ce, sinadarin da ƙwaƙwalwa ke saki don ƙoda ta riƙe ruwa. Yaron da jikinsa ke tara fitsari da yawa da dare yakan ga amfaninta da wuri, sau da yawa tun makon farko katifa ke wayar gari a bushe. A ganina wannan kaɗai ya isa a yaba mata, musamman ga yaron da kunya ta hana shi kwana gidan 'yan uwa ko makarantar kwana.

Ba a bai wa yaron da bai kai shekara 5 ba. Likita kan fara da miligiram 0.2 lokacin kwanciya, in bai isa ba ya kai 0.4. Bayan wata 3 a dakata mako guda a gani ko jiki ya daidaita da kansa, domin da yawa matsalar kan dawo da zarar an daina.

Haɗarin yana cikin kofi. Daga awa 1 kafin shan ƙwayar har awa 8 bayanta, yaro ba zai wuce kurɓa ɗaya ko biyu ba. Fura, kunu da shayin dare duk ruwa ne. Ƙoda ta riga ta rufe ƙofa, don haka abin da aka sha zai zauna a jiki ya tsinka gishirin jini, wato sodiyam, ya faɗi ƙasa da 135 a gwajin jini. Alamun farko su ne ciwon kai, tashin zuciya da amai, sannan ruɗewa da jijjiga. Duk alamar da aka gani a ciki, a tsayar da maganin a nufi asibiti. Saboda wannan haɗarin ne a 2007 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta janye amincewa da na fesawa a hanci don fitsarin kwance.

A watannin zafi na Maris zuwa Mayu hana yaro ruwa da dare abu ne mai wuya, gara a shayar da shi sosai da rana. Ranar da yake amai, gudawa ko zazzaɓi, a tsallake. Ibuprofen, maganin rage zogi, da carbamazepine, maganin farfaɗiya, suna ƙara riƙe ruwan, a faɗa wa likita in yaro yana shan su. Mai sikila kuma, da ciwo ya tashi a ajiye ƙwayar, domin a lokacin ruwa yake buƙata.