Koyar da Turanci a jami'o'in Saudiyya ta hannun kamfani: albashin da aikin

Manyan jami'o'in Saudiyya, irin su Jami'ar Sarki Sa'ud da ke Riyad da Jami'ar Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, suna da shekarar share fage, inda sabon ɗalibi yake shan Turanci kafin ya shiga fanninsa. Nan ne ake ɗibar malaman Turanci daga ƙasashen waje. Hanyar shiga biyu ce: ko jami'a ta ɗauke ka da kanta, ko kamfanin da ya ci kwangilar samar mata da malamai ya ɗauke ka. Da kai da wanda ya bi ɗaya hanyar, a aji ɗaya za ku tsaya, littafi ɗaya za ku koyar, amma rayuwarku ba ɗaya ba ce. Hanyar kamfani muka auna a nan, domin ita ce ta fi cika tallace-tallacen intanet.

Ba a cire harajin albashi a Saudiyya, kuma tun 1986 dala ɗaya tana kan riyal 3.75, saboda haka abin da ka tara ba ya narkewa a hannunka. Wannan alheri ne babba ga wanda ya ga yadda naira ta yi. Kamfanoni kan haɗa da masauki ko kuɗin haya, motar kai ka aiki, inshorar lafiya da tikitin jirgi. Sai dai lambar da ke kan talla sau da yawa jimilla ce. Ka nemi a rarraba maka ita a rubuce: nawa ne gundarin albashi, nawa ne na gida, nawa ne na sufuri. Ka kuma sa a lissafi cewa tun Yulin 2020 harajin kayan masarufi ya koma kashi 15 cikin ɗari.

Mai iyali shi ya fi jin jiki. A 2017 aka ƙaƙaba wa baƙin da ke aiki a kamfanoni kuɗin zaman iyali, riyal 100 a wata kan kowane mutum, ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020. Mata ɗaya da yara uku riyal 1,600 ke nan duk wata, 19,200 a shekara, ba a zo maganar kuɗin makarantar yara ba. A ce albashin malam riyal 10,000 ne: kusan albashin wata biyu ya tafi kafin a ɗora tukunya. Wannan ne ya sa malamai da yawa suke barin iyali a gida, suna kwana su biyu ko uku a gidan kamfani, suna ganin 'ya'yansu ta waya. Jami'ar gwamnati idan ta ɗauki mutum kai tsaye takan ba da tikitin iyali da hutun bazara mai albashi. Malamin kamfani kuwa, abin da doka ta lamunce masa kwana 21 ne a shekara, ya zama 30 bayan shekara biyar. Duk abin da ya ɗara haka, sai in yana cikin kwantiragi.

Aikin da kansa ba irin lakcancin da aka sani ba ne. Lahadi zuwa Alhamis ake yi, yawanci wajen awa 20 a aji kowane mako, wasu wuraren fiye, sannan a zauna ofis har lokacin tashi ko da an gama darasi. Akwai jadawalin da ke faɗa maka shafin da za ka kai a ƙarshen kowane mako a littafin Oxford ko Cambridge, jarrabawa kuma daga sama ake tsara ta. A aji guda za ka tarar da yaron da ya yi makarantar kuɗi yana zuba Turanci, kusa da wanda har yanzu yake rikita b da p, domin babu p a Larabci. Jadawalin ba ya jiran na biyun, kuma a nan malami mai tausayi yake shan wahala. Ga kiran suna, wanda ba wasa ba ne: ɗalibin da fashinsa ya wuce ƙa'ida ana hana shi jarrabawa, shi ya sa ƙofar ofishinka ba ta rabuwa da masu roƙon a goge musu fashi ɗaya. Wanda yake son bincike da hawa matakin farfesa, wannan kujerar ba za ta kai shi ba.

Akwai maganar fasfo, wadda ba ta da daɗin ji. Tallace-tallace da yawa suna fifita 'yan Amurka, Ingila, Kanada, Ostareliya da Afirka ta Kudu, kuma akan bambanta albashi bisa fasfo. Mai digiri na biyu daga Bayero ko Ahmadu Bello zai iya samun kansa ƙasa da wanda bai kai shi ilimi ba. Rashin adalci ne, kuma ɗalibai ne suke asara. Abin da ke rage giɓin shi ne digiri na biyu a koyar da Turanci, shekarun koyarwa a jami'a, da takardar CELTA ta Cambridge, kwas na kimanin awa 120 mai ɗauke da awa 6 na koyarwa a gaban mai duba ka. Takardun digiri sai sun bi ta ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje kafin ofishin jakadancin Saudiyya ya tantance su, kuma digirin da aka yi ta intanet yakan maƙale a nan.

Inda abin ya fi lalacewa shi ne biza. Wasu kamfanoni suna shigo da malami da bizar ziyara, su ce iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, tana tafe. Ba iƙama, ba asusun banki, ba ɗauko iyali, kuma in rigima ta tashi ƙafarka ba ta kan ƙasa. Kada ka hau jirgi sai da bizar aiki. Doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin biza, iƙama da tikitin komawa gida, ta kuma hana shi riƙe fasfonka. Duk dillalin da ya ce ka biya kuɗin samun gurbi, ka bar shi. Tun gyaran Maris 2021 ma'aikacin kamfani yana iya neman izinin fita da dawowa ta Absher, manhajar gwamnati ta intanet, ya kuma canza wurin aiki ta Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, bayan shekara guda. Ka tabbata kwantiragin da aka saka a Qiwa shi ne wanda aka aiko maka, ka kuma duba rubutunsa na Larabci, domin in aka samu saɓani da shi ake hukunci. In albashi ya yi jinkiri, ana fara kai ƙara ofishin sulhu na ma'aikatar ƙwadago, in an kasa sasantawa a wuce kotun ma'aikata.

Kuɗin sallama rabin albashin wata ne kan kowace shekara a biyar ɗin farko, sannan cikakken wata bayan haka. Mai riyal 10,000 da ya cika shekara huɗu yana da 20,000 idan kwantiragi ya ƙare da kansa. In ya ajiye aiki a tsakiya, sulusi zai karɓa. In ya ajiye kafin ya cika shekara biyu kuwa, ba ko sisi.

Ga Musulmi akwai abin da ba ya shiga lissafin riyal: Umara a hutun ƙarshen mako, aikin awa shida a Ramadan, da hutun Hajji mai albashi na kwana 10 zuwa 15, sau ɗaya, bayan shekara biyu a wurin aiki. Aikin ya dace da mai son tara jari na shekara biyu ko uku shi kaɗai. Mai iyali ya fara aika takardunsa kai tsaye ta shafin ɗaukar ma'aikata na jami'ar, ya bar kamfani a matsayin zaɓi na biyu.