Albashi ko Jari: Abin da Matashin Zariya Zai Auna Kafin Ya Zaɓa

Wanda ya je sayen babur a Sabon Gari ba ya tsayawa kallon fenti. Sai ya tayar da inji ya ji kukansa, ya tambayi shan mai, ya bincika ko kayan gyaransa na samuwa. Amma hanyar abincin da mutum zai hau shekara 30, sai ka ga ƙanenmu ya zaɓe ta don kawai abokinsa ya yi mota. Ku da kuka dawo daga bautar ƙasa, alawus ɗin naira 77,000 ya tsaya, ku nake nufi da wannan magana.

Zariya garin ma'aikata ne, shi ya sa kusan kowane gida burinsa takardar kama aiki. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ga asibitin koyarwa na Shika, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan. Abin da ma'aikaci ke samu a nan shi ne natsuwa. Ka san ranar da kuɗi za su shigo, mai shago zai ba ka bashi don ya san wata zai ƙare, iyayen yarinya ma sun fi sakin jiki da kai. A tsarin fansho na dokar 2014 ana cire kashi 8 cikin 100 na albashinka, wanda ya ɗauke ka aiki ya ƙara kashi 10, ana tara maka har ka yi ritaya, wato a yawancin aikin gwamnati in ka kai shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki.

To, nawa ne kuɗin wannan natsuwar? Da farko jira, wani lokaci na shekaru. Wanda duk ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi, ka kama kanka, da yawa sun sayar da fili an ba su takardar bogi. Sannan albashi tafiyar hawainiya yake yi, kasuwa kuwa gudu take. An cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kaya suka tashi nan take, amma mafi ƙarancin albashi bai bar naira 30,000 ya koma 70,000 ba sai a Yulin 2024. Kujerar ma ba gado ba ce: a 2017 malaman firamare sama da 21,000 suka faɗi jarrabawar gwajin da gwamnatin Kaduna ta shirya, aka sallame su. Akwai kuma abin da matasa ba su cika sani ba. Tsarin mulkin 1999 ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwancin kansa, in ban da noma. Mai shirin riƙe ofis da shago a lokaci guda ya san da wannan.

Kasuwanci kuwa, Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma gaskiya ne. Babu matakin albashin da zai yi maka iyaka, kuma ɗanka zai iya gadon shago, ba zai gaji ofis ba. Sai dai ina so ku dubi kasuwar garinmu da idon basira, domin rabinta a kan ɗalibai da 'yan albashi take tsaye. Ku tuna yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga Fabrairu har Oktoba. Wata 8 Samaru, unguwar jami'ar, ta yi tsit. Mai hoton takardu, mai abinci, mai ba da hayar ɗaki, ɗan acaɓa, babu wanda bai ji a jikinsa ba, kuma ba wanda ya biya su ko kwabo bayan an koma. Kafin ka kama shago a Samaru ko Kongo, lissafa watannin hutu, ka ga ko ribar zangon karatu za ta ciyar da kai a cikinsu.

Sana'o'in da ba su jingina da makaranta ba sun fi kwantar min da hankali: ɗinkin hannu na manyan riguna da cikin birni ya yi suna a kai, noman rani a bakin Galma, gyaran waya, harkar sola, kiwon kaji. Ajiyar hatsi daga kasuwar Giwa tana kawo riba, amma a 2025 farashin masara ya faɗi, masu ajiya da yawa ko uwar kuɗi ba su fitar ba. POS kam ta cika, kowace kwana da lema.

Abin da ya fi karya sabon ɗan kasuwa a nan ba rashin ciniki ba ne. Kuɗin hayar shekara ya cinye rabin jari tun kafin a zuba kaya, sannan gwaggo ta aiko a ba ta taliya kwali biyu zuwa ƙarshen wata, kawu ya karɓi siminti, kai kuma nauyinsu kake ji. Ga cefanen gida daga aljihun shago. Wannan darasin ba a koyar da shi a aji, a gaban ubangida ake koyonsa. Shi ya sa yaron shagon da ya yi shekara 5 a Tudun Wada kan tsaya da ƙafarsa, mai digiri da jarin miliyan 2 kuma ya karye kafin shekara ta zagayo.

Ni a ganina, in kai ne ke ɗauke da iyaye da ƙanne, kuma aiki na halal ya samu, karɓe shi ko da na makarantar kuɗi ne, ka shiga adashi, ka riƙe gona. In nauyi bai hau kanka ba tukuna, kuma kana da sana'a a hannu, shiga kasuwa yanzu, lokacin da faɗuwa ba za ta kwana da kowa da yunwa ba. Wanda kuwa ba shi da sana'a amma Baba ya ce zai sayar da gona ya ba shi jari, ya roƙi Baba ya dakata. Ya je ya zauna a shagon wani wata 6 tukun, ya sayi littafi yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kullum, har da kuɗin janareto da haraji, sannan ya kawo wa Baba littafin su duba tare.